Ƙofar da Angchuk Ya Ɗaga

Tabarau ne kawai. Wata baƙuwa ce ta manta da shi a tsohon gidansu Yangdol, can saman ƙauyen Tingdo. Sai da aka sauko masauki ta tuna, ta kama kumbure-kumbure kamar an yi mata mutuwa. Angchuk, yayan Yangdol kuma mai masaukin, ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba.

"Nomo, ɗan haura ki ɗauko mata mana." Nomo yake kiran Yangdol, wato ƙanwa, ita kuma ta kira shi Acho, wato yaya.

"Haba Acho, rana fa ta faɗi. Tun safe nake zagaye da mutanen nan. Ƙafafun aro ne da ni?"

"To ni zan je? Wa zai zauna da baƙi? Ki gaida Ama, ki ce ina nan tafe."

Kullum yana nan tafe wurin Ama, mahaifiyarsu, da ke zaune ita kaɗai a tsohon gidan. Yangdol ta ja mayafinta ta fita ranta a ɓace. Ita ce mai hawa da sauka, ita ce mai nuna wa baƙi tsofaffin gidaje da injin niƙa na ruwa, ita ce mai murmushi har kumatu su yi ciwo. Shi kuwa nasa zama a kan kujera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsohon gidan shi ne zangon ƙarshe a yawon, kuma shi baƙi suka fi so, saboda labarin ƙofa. Kowa a kwarin nan ya san dalilin da ya sa kakanni suke gina ƙofa gajera, sai ka duƙa kafin ka shiga. Gawar da ba a yi wa karatu ba, aljani yakan shige ta ta miƙe, ita ce rolang. Tana tafiya, amma ba ta duƙawa. Duk wanda ta dafa wa kai ya zama irinta. Gajeriyar ƙofa ce kaɗai maganinta.

Sai dai baƙi dogaye ne, kullum sai wani ya gwara goshi. Da wani ya fashe har jini ya zuba, Angchuk ya kawo magini a farkon bazara don ya ɗaga ƙofar. Ama ta zauna a bakin ƙofar ta ce ba inda za ta. Ya ɗauke ta cak kamar damin itace ya ajiye gefe.

"Ubanku fa yana kan dutse," ta ce masa.

"Ama, zamani ya wuce nan."

Ubansu Skarma ɗan dako ne. Yangdol tana ƙarama ya zurma cikin tsagar ƙanƙara da kayan wasu masu hawan dutse a bayansa. Kayan sun maƙale a baki, an ciro su. Shi ba a ciro shi ba, kuma babu lama, wato malamin addininsu, ko ɗaya da ya yi karatu a kansa. Daga nan dakon ya koma kan Ama: sha'ir, kashin shanu na hura wuta, ruwa, har bayanta ya lanƙwashe, ba ta ganin komai sai ƙasa. Yanzu Yangdol ce ke tsayawa a sabuwar doguwar ƙofa tana ba da labarin rolang, baƙi suna sandarewa suna miƙa hannuwa ana ɗaukarsu hoto, Ama tana zaune a lungu tana kallon ƙafafunsu.

Yau da take haurawa, hanyar ta yi shiru. Bana ƙanƙarar kan dutse ta narke fiye da kowace shekara, rafi ya cika ya yi jajir, yana gungura duwatsu a ƙarƙashinsa. Ban da wannan babu motsin komai. Karnukan ƙauyen, da ko inuwa suka gani sai sun yi haushi, yau ko tari.

Da ta wuce gonar sha'ir ta ƙarshe, sai wani wari ya bugi hancinta. Jiƙaƙƙen ulu, da nama wanda ya daɗe cikin sanyi ya fara saki.

Ta ƙara sauri.

Ta samu fitila a kunne. Tabaraun yana kan taga, ta sa a aljihu. Sai a lokacin ta lura da Ama. Ta sa rigarta ta biki, wadda rabonta da ita tun Yangdol tana yarinya. A gabanta kofuna biyu na shayin man shanu suna tururi.

"Ama, baƙo za ki yi?"

"Me ya kawo ki?" Muryar ƙasa-ƙasa. "Juya. Yanzu."

"Wai mene ne?"

"Tun da narkewar nan ta fara yake saukowa. Kullum yana matsowa kaɗan. Shekaranjiya a bakin rafi ya tsaya. Jiya a bayan shinge."

"Wa?"

Ama ta gyara zaman kofi na biyu.

"Kin gaya wa Acho?"

"Na aika masa. Ya ce tsufa ne."

Awakin da ke garke a bayan bango suka daina motsi gaba ɗaya.

Dum.

Ba takun mutum ba ne. Mutum yana lanƙwasa gwiwa. Wannan kamar ana dasa turmi ne a ƙasa, a ɗaga, a sake dasawa. Bayan kowane taku akwai wani abu da ke jan ƙasa, suuu.

Dum.

Harshen fitilar ya kwanta. Tururin shayin ya ɗauke.

A jikin bangon ɗakin akwai 'yar kafa da ake zura wa awaki ciyawa, tsayinta bai wuce gwiwa ba. Ama ta damƙi wuyan rigar Yangdol da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta tura ta ciki. Yangdol ta faɗa kan ciyawa, ta juyo ta kamo hannun uwarta.

"Ama, shigo. Ke ma za ki wuce. Shigo mana!"

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

"In bai samu kowa a nan ba, gangarawa zai yi." Numfashinta yana kan fuskar Yangdol, ƙamshin shayi da gishiri. "Ƙofofin yayanki duk dogaye ne."

Ta zare hannunta.

Daga cikin kafar, ƙasan ɗakin kawai Yangdol take gani. Ta ga ƙafafu sun tsaya a dokin ƙofa. Takalman ulu ne, jiƙe sharkaf, da jan zare a baki. Ta san zaren. Ama ce take saƙa irinsa. A bayansu igiyar dako tana jan ƙasa.

Da tsohuwar ƙofa ce, a nan zai tsaya.

Ya shigo.

Ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Ɗis. Ɗis.

"Ka daɗe," in ji Ama. "Ga shayi."

Ƙafafun suka tsaya a gabanta.

Sai wata ƙara ta fara, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana karya busasshen kara gaɓa-gaɓa. Yangdol ta cusa mayafi a baki. Gefen rigar Ama, wanda shekara da shekaru yake share ƙasa ta gaba, ya fara ɗagawa. Ya bar ƙasa. Idon sawunta ya bayyana.

Ama ta miƙe.

Ƙafafu huɗu suka juyo suka fuskanci kafar.

Dum. Bangon ya girgiza, ƙasa ta zubo mata a kai.

Dum.

Yatsu suna karce bangon daga sama, suna nema, ba sa iya saukowa. Yangdol ta ja da baya a kan ciki, ta ratsa tsakanin awakin da suka sandare, ta fice ta ƙofar garke. Ta gangara cikin sha'ir tana faɗuwa tana tashi, ba ta waiwaya ba har ta ga hasken masauki.

Baƙuwar ta karɓi tabaraunta, ta ɗaga shi a fitila, ta ce ya ɗan karce.

Da gari ya waye mazan ƙauye suka bi sawu. Sawun mutum biyu ne, dogayen taku, sun miƙe sambal har bakin ƙanƙara. Angchuk ya gaya wa hukuma ruɗewar tsufa ce ta fitar da Ama. Ya yi kuka, ba a ce bai yi ba. Amma kafin sha'ir ya nuna, har ya fara tambayar Yangdol ko baƙi za su so a kai su gidan da yamma.

Ita kuwa Yangdol ta tattara kayanta. Ta koma tsohon gidan da zama, ta yi ta jidar duwatsu daga rafi a bayanta, ta kwaɓa laka da kanta. Da ta zo ɗora itacen saman ƙofa sai ta tsaya. Ba ta san tsayin Ama a miƙe ba. Ta je ta tambayi wata tsohuwa da suka yi 'yanmatanci tare da Ama.

"Ai ke ce ita," in ji tsohuwar. "Tsayinta kika ɗauko sak."

Yangdol ta tsaya a bakin ƙofar, ta auna daidai ƙirjinta, ta ɗora itacen a nan.

Har yanzu tana zagayawa da baƙi, don ba a cin tuwo da fushi. Amma ta daina ba da labarin ƙofa, kuma ba ta ce wa kowa ya duƙa. Wanda ya gwaru, ya gwaru.

Idan rana ta faɗi takan ji bugu biyu a jikin bangon da ke saman ƙofar. Na sama mai nauyi ne, ta saba da shi. Na ƙasan ne yake hana ta haɗiye shayinta. A hankali yake, da haƙuri, irin bugun da Ama take yi idan ta zo tashinta da safe.