Firintar Ofishin Baba Ba Ta Mantuwa

"Na ce an fasa! An fasa auren, ko sai na rubuta miki a allo?"

Auta na durƙushe a tsakiyar falo, hawaye shaɓe-shaɓe. Umma ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi, ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu ta koma. Shi kuwa Yaya yana gefe yana danna waya kamar ba a gidan ake yi ba.

"Baba, don Allah ka saurare shi..."

"Na saurare shi! Na ce kai ka fitar da takardar? Ya sunkuyar da kai. Na ce to wa ya fitar? Ya yi shiru. Mai gaskiya yana shiru ne?"

Bari in warware muku, don kar ku ɓata. Baba shi ke da makarantar nan ta bayan layinsu, shekara ashirin yana gina sunanta. Yaya, ɗansa namiji ɗaya tilo, shi ke koyar da lissafi a ajin ƙarshe. Wanda ake rigimar a kansa kuwa Injiniya ne, ma'aikacin ofis. Ba wani injiniyan gaske ba ne fa, yara ne suka laƙa masa don ko fanka ce ta tsaya shi ake kira. Aurensa da Auta saura wata biyu.

Tsarin Baba shi ne malami ba ya ganin tambayoyin ajinsa. Malaman waje ke rubutawa su turo kwamfutar ofis, Injiniya ya buga da safiyar jarrabawa. To sai ga shi ranar lissafi an kama yara uku da takardar tambayoyin a cikin safa, bugun firinta tsaf, har ta yi laushi don ninkewa. Wa za a kalla? Baba ya ba Injiniya zuwa azahar ɗin gobe ya ajiye makulli.

Washegari Auta ta ɗauki maganin idon Baba da ya manta a kan tebur, ta ce wa Umma za ta kai masa. Umma ta kalle ta sama da ƙasa.

"Maganin ido ko? To, a gaida mai ciwon."

Ta tarar da Injiniya yana zuba kayansa a kwali: caja, kofin shayi, ɗan sukudireba. Duk ya faɗa, kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Kai ka yi?" ta ce, ko gaisuwa babu.

"Kin san ban yi ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya ci gaba da naɗe waya. Ran Auta ya ɓaci, ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan firinta. Nan ta tsaya cak. Ai ta yi aiki a ofishin nan lokacin hutu! Malamai sun addabi firintar da buga hotunan 'ya'yansu, tawada ba ta kwana biyu, shi ne Injiniya ya kunna wani abu a kwamfuta da ke rubuta duk abin da aka buga: sunan fayil, rana, lokaci, shafi nawa, da kuma kwamfutar da ta turo. Da kansa ya koya mata buɗewa, har yana tsokanarta wai hannunta ya fi saurin cin gyaɗa.

Ta ja kujera ta zauna.

"Kar ki buɗe," ya ce da sauri. "Don Allah, Auta."

Wannan roƙon ne ma ya sa ta buɗe. Ta gangara layi-layi. Takardar izini, jerin sunaye, takardar izini... sai ga shi: tambayoyin lissafi, ajin ƙarshe, Asabar, ƙarfe goma da minti arba'in na safe, shafi uku. A gefe kuma sunan kwamfutar da ta turo, da manyan baƙaƙe: SARKIN LISSAFI.

Duk gidansu ba wanda bai san wannan sunan ba. Ranar da Yaya ya sayo laftof ɗinsa, sai da ya bi kowa yana nuna masa sunan da ya sa mata.

Ta juyo ta kalli Injiniya. "Ka sani?"

"Tun ranar da aka kama yaran. Na same shi na ce ya je ya faɗa da bakinsa, ya fi masa mutunci. Ya ce in ba shi kwana uku."

"Yau kwana nawa?"

"Shida."

"Shida! Kai kuma kana nan kana haɗa kwali?"

"Baba na da hawan jini, Auta. Ɗansa ne. Da wane baki zan shiga gidanku ina neman 'yarsa, in ce ga ɓarawon a ɗakin waje? Na ce in na yi haƙuri Allah zai fitar da ni."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta kira Yaya a waya. Ba ta so ta yi masa ba-zata, jini ɗaya ne.

"Yaya, na gani. Ka riga ni zuwa wurin Baba."

Dariya ya yi. "Kin ga me? Ke soyayya ta taɓa miki kai. Je ki bincika laftof ɗin, ko ƙura ba za ki samu ba."

Ashe ya goge fayil, ya goge filas ɗin da ya kwafo tambayoyin a ciki, ya wanke komai fes. Bai san ita kwamfutar ofis tana can tana rubuta nata ba!

Auta ta danna, firinta ta yi ƙugi ta tofo shafin da ɗuminsa. Ta ɗauka ta nufi ofishin Baba.

Baba ya gyara tabarau, ya karanta, ya ture takardar. "Kwamfuta ai abin da aka ce mata take faɗa. Shi ya rubuta don ya shafa wa ɗana."

"Baba, duba lokacin. Asabar, goma da arba'in. Ina kake?"

"Asabar ai ina asibitin ido..." Sai ya tuna. Tun ƙarfe takwas Injiniya ya tuƙa shi, ya riƙe masa kati, ya zauna a gefensa a layi har ɗaya ta wuce, har yana karanta masa jarida don an ɗiga masa magani ba ya gani.

"Kira min yayanki. Ya zo da laftof ɗinsa."

Yaya ya shigo yana taku ɗai-ɗai, har da murmushi. Baba ya tashi, suka ɗunguma ofishin Injiniya.

"Buga min wani abu. Ko me."

"Baba, wai me ake..."

"Buga!"

Ya buga jadawalin aji. Takarda ba ta gama fitowa ba sabon layi ya bayyana a kan allon kwamfuta, a idon kowa: yau, yanzu, shafi ɗaya, SARKIN LISSAFI. Baba ya ɗora yatsa a nan, ya ɗora ɗaya a kan layin Asabar. Iri ɗaya sak.

Wallahi sai Yaya ya zube ƙasa.

"Baba, ka yafe min! Kullum kana cewa ajina ne na baya, kullum Injiniya kaza, Injiniya kaza. So na yi sau ɗaya ka ce na yi ƙoƙari. Na ɗauki makullinka na kwafe, na ba yaran..."

"Sai ka zauna a falona kana danna waya, ana yanka ƙanwarka?"

Baba ya kawar da kai daga Yaya. Sannan ya juya wurin Injiniya.

"Yarona, na zalunce ka."

"Haba Baba, ni ɗanka ne. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka kori Yaya."

"Ji shi! Har yanzu bai daddara ba!" Baba ya faɗa, dariya da ƙwalla a haɗe. "Zazzage kwalin nan, ba inda za ka."

A ranar ya tara malamai kaf ya wanke Injiniya a gabansu, ya ba shi haƙuri da babbar murya. Yaya kuwa an karɓe ajin daga hannunsa har zangon gaba, kuma shi da bakinsa ya tsaya ya faɗi abin da ya yi. Da Auta ta koma gida, Umma na ganin fuskarta ta rungume ta suna tsalle kamar yara.

Aure? Ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba! Kuma in gaya muku, ba wanda ya kai Yaya zirga-zirga a hidimar, duk ya rame don kunya. Watanni ya yi bai iya haɗa ido da Auta ba, ita ma abin ya daɗe yana mata ciwo, amma yanzu shi ke fara kiranta.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa, Injiniya ya yi ya ga riba. Amma haƙurin wani ba hujja ba ce gare ka ka ga gaskiya ka kawar da kai, ko da a cikin gidanku ɓarnar take. Kuma iyaye, a riƙa bincike kafin a yanke hukunci.

To ke mai karatu, da ke ce a kan kujerar nan, sunan yayanki uwa ɗaya uba ɗaya na kallonki a allo, za ki danna ki buga, ko rufewa za ki yi?