Albarkar Tukunyar Gajera

Gajera ta tsaya gaban risho da gwangwanin awo a hannu, tana leƙen gindin robar shinkafa kamar kallo zai ƙara ta. Bara war haka gwangwani uku take zubawa ko waiwaye ba ta yi. Yanzu biyu ne, na biyun ma sai ta shafe bakinsa da yatsa ta mayar da abin da ya hau sama. Kai, wannan tsada ta ishi kowa! Ka je kanti da safe ka ji farashi, ka koma da yamma mai kanti ya ce maka ai wancan tsohon labari ne.

Mijinta Dogo, mai gyaran takalma a bakin titi, ya fito yana ɗaure bel.

"Gajerata, yau ma kin rage wa kanki, ko?"

"Wa? Ni? Pilis ka daina, nawa yana tukunya."

Ƙarya take. Sau ɗaya take girki saboda kalanzir, ta raba: na rana a kularsa, na yamma a tukunya. Rabonta na rana kuwa cikin kular take danna masa shi, ta wuni da ruwan zafi da gutsuren burodi, ga ciki ya fara turo riga. A ganinta wanda ke zama a rana yana fama da allura shi ya fi buƙata. Aiki kam ya ƙaru, don babu mai sayen sabon takalmi yanzu, kowa lallaɓa tsohonsa yake, amma gam da zare sun cinye ribar tas.

Abu ɗaya ke sanyaya mata rai. Kullum da la'asar in ta dawo daga layin famfo ta buɗe tukunya, sai ta ga abincin ya fi yadda ta bar shi.

"Dogo, wallahi tukunyar nan albarka gare ta!"

"Hannunki ne mai albarka," in ji shi, yana kallon silin.

Da ta ga haka, baiwar Allah, sai ta ƙara rage awon. Tunda tukunya na auki, ai gara robar ta kai ƙarshen wata.

Ranar nan da azahar mahaifiyarta ta faɗo gidan ba sanarwa. Mama ba ta ko zauna ba, ta kama haɓar 'yarta ta juya ta hagu da dama.

"Innalillahi! Wannan wuyan fa? Ke ce kuwa?"

"Laulayi ne, Mama."

"Laulayin gidanku! Ni na haife ki, kuma na san yunwa in na gan ta. Dama tun farko na ce shumeka ba zai riƙe ki ba, kika ce ke so. To ga so nan ya fito miki a ƙashin wuya. Haɗa kayanki!"

"Mama, don Allah! Wallahi yana ƙoƙari..."

"Ƙoƙarin kashe min ke da abin da ke cikinki? Na ajiye rabin buhu a gida saboda ke. Ƙafata ƙafarki, kuma ba za ki dawo ba sai ya zama mutum."

Gajera ta durƙusa tana kuka, amma Mama da kanta ta jawo jaka ta fara cusa zannuwa. Da la'asar ta yi, aka ji ƙarar jarkoki a waje, ruwa ya zo. Gajera ta share hawaye ta ce a bari ko ruwa ta ɗebo masa kafin su tafi. Mama ta yi tsaki ta ce ta yi sauri, ita kuma ta shige uwar ɗaki ta saki labule.

Ba a jima ba Dogo ya shigo. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, bai jira amsa ba, ya ajiye akwatin aikinsa ya nufi risho yana sanɗa. Ta gefen labule Mama tana kallo ya buɗe kular. Cike take, ko cokali ba a sa ba. Ya juye ta cikin tukunya, ya baje da ludayi yadda ba za a gane ba, ya rufe, sannan ya ɗauraye kular.

Mama ta bankaɗe labule.

"To, munafuki! Ashe girkin 'yata ma ba ka ci? A gidan abinci kake cika tumbinka, ita ka bar ta da ƙanzo!"

Dogo ya zube ƙasa. "Mama, barka da zuwa... ban san kina ciki ba."

"Ina fa za ka sani!"

Daidai nan Gajera ta shigo da bokiti a ka. Ta dubi kular, ta dubi mijinta.

"Dogo, gaskiya ne? Ba ka ci?"

Ya yunƙura zai gyara durƙuso, jiri ya kwashe shi, ya dafa bango, rigarsa ta ɗage. Nan idon Mama ya sauka kan bel ɗinsa. Bayan hudojin kamfani akwai wasu sababbi a jere, waɗanda ya huda da basillarsa, harshen bel ɗin har ya kusa zagayo bayansa. Mai cin gidan abinci ba ya huda bel.

"Tun yaushe?" Muryar Mama ta sauka.

"Tun da likita ta ce ta riƙa ci sosai," ya ce, kansa a ƙasa. "Na ga in na ce ta ci nawa ba za ta yarda ba. Ni namiji ne, ruwa ma ya ishe ni zuwa yamma."

Gajera ta sauke bokitin, rabin ruwan ya zube.

"Albarkar tukunyar ke nan? Wayyo Allah, Dogo! Abincin ranata fa nake zuba maka! Da na ga tukunya na ƙaruwa har awo na rage!"

Suka tsaya suna kallon juna. Ashe duk watannin nan abinci ɗaya ne ke zuwa bakin titi ya dawo, babu wanda ya ci shi da rana, kowa na zaton ya ƙosar da ɗan'uwansa. Gajera ta faɗa jikin bango tana kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Sori, Gajerata."

Mama ta zauna a bakin kujera. Can ta ja gefen mayafi ta goge ido.

"Sakarkaru biyu! Allah Ya haɗa ku, wallahi. Ke, miƙo tire."

Ta juye tukunyar kaf, ta sa cokali biyu, ta zauna a kansu kamar mai gadi.

"Ku ci ina gani. Kai kuma ɗana, yau babu kunyar suruka, buɗe baki."

Karon farko ke nan da ta ce masa ɗana. Suna ci tana zare zannuwa daga jaka tana mayarwa cikin sif, tana mita. Rabin buhun nan, ta ce, gobe zai zo nan gidan, amma da sharaɗi: ranar da babu, a faɗa wa juna babu, kuma a faɗa mata.

Farashi dai bai sauko ba, har yau Gajera na shafe bakin gwangwani. Amma yanzu a gabansa take raba abincin, shi kuma in ya dawo sai ya buɗe mata kular ta gani. Haƙuri da talauci abin yabo ne, kuma Allah ba Ya barin mai shi. Sai dai ma'aurata su sani, ɓoye wa juna yunwa ba ya cikin haƙuri, domin wahalar da aka faɗa wa juna ita ake iya rabawa.

Ranar da Gajera ta sauka lafiya, Mama ta karɓi jikarta, sannan ta kalli ƙugun surukinta. Bel ɗin ya koma baya da huda biyu.