Gidan Ƙarshen Layi

A allon da ke bakin Rukunin Gidajen Ashafa, kan hanyar Shabu a wajen garin Lafiya, "gida tamanin, layi huɗu" ne kawai ke karantuwa. Tsatsa ta cinye sauran.

A 1978 Ashafa ya yanka gonar gadonsa fuloti-fuloti, ya fitar da tituna, ya gina gidajen haya, ya ware filin masallaci da na makaranta. Shekara uku ba wanda ya ko taya. Takaici ya kai shi wurin wani boka a bayan garin Keana da tsakar rana. Bukkar ba taga. Baƙaƙen tukwanen gishiri a jere, an ɗaure bakin kowacce da ɗanyar fatar akuya, ƙudaje na bi.

"Za su cika," in ji bokan. "Amma gidan ƙarshe na kowane layi na aljanun da ke yi mini aiki ne."

"In bar musu shi ba kowa?"

"Bango za su ci? Da mutane a ciki."

Ashafa ya share gumi. "Baba, ban da iyalina dai?"

"Kai ina za ka zauna?"

"Lamba ɗaya, bakin get."

"To me ya dame ka?"

Cikin shekara biyu unguwa ta cika, Ashafa ya zama Alhaji. Sai Iorliam, malamin makaranta da ke zaune a ƙarshen layin Ashafa, ya binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, matarsa ta zauce. Ya kwashe kayansa. Da gidan ya zama kango, abin ya koma na kusa da shi. Haka a kowane layi.

Ashafa ya koma Keana a fusace.

"Gidan ƙarshe muka ce!"

"Inda hayaƙin girki ya tsaya, nan ne ƙarshe," in ji bokan.

Ya rage haya, ya roƙa, ya ce a zauna kyauta. A banza. Ko a 1996, da Lafiya ta zama babban birnin jiha, ma'aikata sun gwammace cunkuson cikin gari.

Wanda ya yarda a ci maƙwabcinsa don ya ƙoshi, ya sani layi ɗaya suke.

Ran da 'yan lamba biyu suka loda mota, babban ɗan Ashafa, Salmanu, ya wayi gari yana hira da bango.

"Dijatu, ɗora abinci mana," Ashafa ya ce wa matarsa.

Ta dubi murhun, shi kaɗai ya rage yana hayaƙi a layin. Ta watsa wa wutar ruwa, ta goya autarta, ta kama hannun Salmanu, ta fita ta get.