Kaluluwar da Tsinkaya Ba Ta Gani Ba

Ina tsoron injin da ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Da wannan tsoro nake zama kowace safiya a Cibiyar Gashi ta Birnin Tsauni, inda ake gasa ciwon daji da haske, a gaban allon Tsinkaya, ina kallon hannunta na ƙarfe yana zagaya majinyaci a hankali, yana harba hasken da ido ba ya gani.

Tsinkaya na'ura ce ta gashin sankarar kaluluwa, wato ciwon dajin da ke kama ƙwayoyin nan na wuya da hammata da matsematsi. Akwai nau'insa mai saiɓi, wanda zai yi shekaru a jiki bai hana mutum cin tuwo ba. Idan aka riske shi a wuri ɗaya, ko a wurare biyu maƙwabta bai tsallaka daga ƙirji zuwa ciki ba, gashi yana iya kawar da shi baki ɗaya. Tun zamanin likitocin dauri aka san cewa ba kasafai yake dawowa inda aka haska ba. Ta inda hasken bai kai ba yake ɓullowa. Saboda haka nasarar aikin ta rataya ne a kan a ga komai kafin a fara.

Dokar birni ta ce majinyaci ne zai zaɓi sashen jikinsa da za a ɗauka a hoto, hoton kuma yana fitowa a allon ma'aikacin da ke bakin aiki. Inda majinyaci ya hana, sai Tsinkaya ta cike gurbin da lissafi, daga jininsa da ɗumin fatarsa. Maƙeranta suna alfahari da cewa lissafin bai taɓa saɓawa ba. A ƙofar cibiyar akwai hasumiyar gilashi da ake hange daga jirgin sama-da-titi. Duk wanda aka sallama da shaidar warkewa, sai a kunna masa koriyar fitila. Ba a taɓa kashe ko ɗaya ba.

Da aka kawo surukata Inna Tasalla, mahaifiyar matata Rumasa'u, da kumburi a wuyanta na hagu, ni ne a kan allo. Ta shigo ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na miƙe na rusuna na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Tsinkaya ta tambaye ta: "Hajiya, daga ina zuwa ina kika yarda a duba?"

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kunnenta, ta sauke shi zuwa ƙashin wuya. "Nan ne ciwon."

"Akwai wani kumburi a wani wurin?"

"Babu."

Na'urar ta yi lissafinta ta ce mataki na farko ne. Aka yi gashi na ƴan makonni, kumburin ya sace, aka kunna fitilarta. Ƴan'uwa suka zo barka daga ƙauye, har da masu ɗaukar hoto a gindin hasumiyar.

Bayan damina ta wuce, wata rana na dawo daga aiki na tarar Rumasa'u ba ta ɗora girki ba.

"Baban Walida, yau na je yi wa Inna kitso," ta ce. "Ta kasa ɗaga hannun hagu. Na matsa mata, na duba. Akwai kaluluwa a hammatarta, ta gefen ƙirji, ta kai ƙwan kurciya."

"Sabuwa ce?"

"Ta ce ta girmi ta wuyan."

Na zauna. "To me ya hana ta faɗa? An tambaye ta, ina wurin."

"Ai shi ne, kana wurin," ta ce. "Kai da diflomarka ba ka gane wannan ba? Matar da ko ruwa ba ta sha a gabanka, ita ce za ta ce a haska ƙirjinta a allon mijin ƴarta?"

Muka hau jirgi muka tafi gidanta. Na tsuguna a bakin ƙofa daga waje, kamar yadda na saba. Inna tana daga ciki, kuma da ƴarta take magana, ko da yake ni take nufi.

"Rumasa'u, ke dai bakinki ba ya riƙe magana. Gaya wa Malam kada ya tayar da hankalinsa. Injin ya ce na warke, har fitila suka kunna."

"Inna, a yi haƙuri," na ce, kaina a ƙasa. "Injin bai ga wurin ba, ƙiyasi ya yi. Idan ciwon bai sauka ciki ba, har yanzu gashi zai iya cinye shi. Idan ya sauka, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani."

Ta ce: "Gaya masa abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Amma ni ba zan kwanta a ƙarƙashin wannan abu, surukina yana kallo ba. Kuma ba zan zama sanadin a kore shi daga aikinsa ba. Na ji yadda dokarsu take."

Ta ji daidai. Tsinkaya ba ta sake karɓar wanda ta sallama, sai ma'aikacin da ya shaida sakamakon ya furta da bakinsa cewa ba daidai ba ne. Wanda ya furta haka kuwa, a take ake ɗauke shi daga allo har a gama bincike, kuma babu wanda ya san ƙarshen irin wannan bincike, domin ba a taɓa yin sa ba.

Washegari na je wurin Dakta Safara'u, shugabar sashenmu, na gaya mata komai.

"Nafi'u, ka san abin da kake shirin taɓawa?" ta ce. "Mutane daga ƙasashe suke zuwa saboda wannan hasumiya."

"Na sani, ranki ya daɗe. Tambaya ɗaya nake da ita. A cikin fitilun nan, mata nawa ne aka tambaya a gaban ɗa, ko ƙane, ko suruki?"

Ta daɗe tana kallon hasumiyar ta taga. "Ba mu taɓa ƙirgawa ba," ta ce. "Idan ka furta, ni zan zauna a kan allon da kaina. Ka gaya wa Hajiya babu namijin da zai shiga."

Na koma ɗakin gashi. Hannun ƙarfen yana tsaye, yana jiran majinyacin farko. Na danna maɓallin magana domin duk cibiyar ta ji.

"Tsinkaya, ni ne Nafi'u Sambo, wanda ya shaida sakamakon Hajiya Tasalla. Sakamakon ba daidai ba ne. Ki kashe fitilarta, ki sake karɓar ta yau, ki cire sunana daga allon."