Dutsen da Baban Auta Ya Yanka

Rana ta kusa faɗuwa, Maman Auta tana kwashe shanya a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta yi musu faɗa ta kan katanga, babu wanda ya amsa. Na biyu a gabanta ya faɗo. Tsakuwa ce baƙa, a jiƙe sharkaf, alhali an daɗe rabon garin da ruwan sama.

Mijinta malamin jami'a ne, aikinsa nazarin duwatsu. Kwanan nan ya dawo daga wani kwari mai nisa da falalen dutse naɗe cikin tsohon bargo. Dutsen hawa-hawa ne, kamar an jera siraran tabarmi. Da yake ana gyaran ɗakin gwajinsu, sai ya ajiye shi a gida, a kan teburin karatu. Ya riga ya yanki ɓari guda, ya goge shi da inji har haske na ratsa shi, ya manna a gilashi. A ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, zare-zare ake gani a cikinsa da ɗigo-ɗigo.

"Ƙwayoyin halitta ne, Auta," in ji shi ga 'yarsa. "Sun rayu a ruwa marar zurfi tun babu bishiya, babu kifi. Sama da shekara biliyan uku."

Yarinyar ta kanne ido ɗaya ta leƙa, ta yi dariya. "Baba, ashe akwai waɗanda suka girmi Kaka."

Tun daga ranar tsakuwar, magariba ta daina zama magariba a gidan. Da zarar duhu ya fara sauka sai jifa, sai ƙarar ruwa yana dukan gaɓa a ɗakin karatu, da wata murya ƙasa-ƙasa da ba a gane abin da take faɗa. In an buɗe ƙofa, shiru.

Sannan abin ya koma kan Auta. Wata yamma uwar ta same ta zaune, kuncinta manne da dutsen, gashinta na ɗigar ruwa mai gishiri. Ta daina magana, ta daina cin abinci. A asibiti aka auna komai aka ce lafiyarta ƙalau. Uban ya kulle dutsen a bayan mota, kafin magariba ya same shi a kan teburin. Ya zauna a dandaryar ƙasa ya riƙe kai.

"Baban Auta," matar ta ce a hankali, "yarinyar nan ƙarewa take yi."

Sai ta je ta zo da Malam, wani dattijo mai yi wa marasa lafiya karatu.

Malam ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwa ta cinye tsakar gida. Sai Auta ta ɗago kai, ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri, a gajiye.

"Ya isa."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai tsaron waɗanda ke cikin dutsen. Tun suna da rai nake zaune tare da su. Ruwa ya janye, ban tashi ba. Suka zama dutse, ban tashi ba. Sai uban yarinyar nan ya zo da guduma."

"Yarinyar ba ta yi maka komai ba."

"Ta leƙa."

"Me kake so ka fita?"

"A mayar da su duka. Har ƙurar da ya goge."

Malam ya dubi uban. Uban ya ce, "Ƙurar ta bi ruwan wanki, Malam. Ba ni da yadda zan yi."

"To ina nan," in ji muryar.

Uwar ta fashe da kuka. Malam ya ci gaba da karatu, gumi na bin gemunsa, jikin yarinyar na karkarwa. Can ya tsaya, ya ce wa muryar:

"Ka ji tsoron Allah. Ubanta zai mayar da dutsen da gilashin da hannunsa, ba zai sake taka wurin ba, ba zai nuna wa kowa ba. Abin da ruwa ya tafi da shi ya fi ƙarfinmu."

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Na karɓa. Amma idon da ya leƙa, da shi zan tafi."

"Ban yarda ba!" Malam ya daka tsawa. Amma Auta ta riga ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta.

Da gari ya waye uban ya kama hanya shi kaɗai. Ya mayar da dutsen gurbinsa, ya tura gilashin ƙarƙashi, ya dawo. Aikin da ya yi shekaru yana nema ya bari a can, bai ƙara zancensa ba.

Jifa ya tsaya. Auta ta ci abinci, ta koma makaranta. Sai dai idonta na dama ba ya ganin allo, ba ya ganin fuskar kowa. Likitan ido ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Malam ya sake zuwa ya yi karatu, babu abin da ya amsa.

Wata yamma uban ya zauna kusa da ita, ya rufe mata idon hagu da tafinsa.

"Duhu kike gani?"

"A'a, Baba."

"To me?"

"Ruwa. Har iyakar gani. Babu kowa."

Ya janye hannunsa da sauri.