Zane Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Shekarar da aka fara Shari'a ne, mata a kujerar baya, maza a gaba. Zinnira ta hau motar Gwarzo gab da magariba, da ƙunshi a cinya. Aikinta a gidan tarihi a Kano shi ne ɗinka kwafin tufafin mutanen da: na ainihi a kulle cikin akwatin gilashi, nata kuma ɗalibai su taɓa. Ana ta rage ma'aikata. Ranar Litinin za a duba wannan zanen saƙin da ke cikin ƙunshin, in bai yi daidai ba, a sallame ta. Ko tsoron ma ta daina ji.

A Kabo wata tsohuwa ta shigo ta zauna kusa da ita. Kujerar ba ta lotsa ba, kwandasta kuma bai waiwayo ba.

"'Yar nan, mu ga ɗinkin naki."

Zinnira ta warware mata. Tsohuwar ta bi facin gefen da yatsa.

"Kin yi ƙoƙari. Amma da hagu aka yi facin nan, a gaban murhu, ana sauri."

"Inna, mai zanen ta fi shekara ɗari da rasuwa. Wa ya sani?"

Tsohuwar ta gyara ɗaurin zanenta. Warin kafur ya tashi, irin wanda suke sawa a akwatin. Kusa da facin zanen tsohuwar, wata 'yar takarda tana lilo a zare: lamba arba'in da bakwai. Zinnira ta gane rubutun, don ita ta rubuta shi, ta maƙala wa na ainihin.