Bikon Afrizal

"Uda, mene ne wannan?"

Desni ce tsaye a bakin kicin, hannu ɗaya riƙe da ledar barkono, ɗayan riƙe da ambulan uku masu tambarin banki. Babur ɗin mijinta ta ara ta je kasuwa, da ta ɗaga sirdi za ta saka cefane sai ga su a ninke ƙarƙashin rigar ruwa. Sunanta ne a jikin kowacce, ta ukun kuwa ko buɗe ta ba a yi ba.

Mijin nata Afrizal, wanda take kira Uda kamar yadda matan garinsu ke kiran miji, ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Desni... zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

Ya sunkuyar da kai. Tun da ruwa ya shiga shagonsa na yadi a kasuwar garinsu Payakumbuh ya lalata rabin kayan, wata biyar ke nan bai biya banki bashin gidansu ba. Kullum yana cewa gobe.

"Na ɗauka idan ba a amsa musu ba za su ɗan ƙyale mu," in ji shi, "zuwa azumi, ciniki ya buɗe..."

"Banki ne zai manta da mutum, Uda?"

Ta yage ta ukun da kanta. Gargaɗin ƙarshe ne. In ba su bayyana cikin kwana goma sha huɗu ba, za a sa gidan a gwanjo, kuma tara sun riga sun wuce a ƙarƙashin sirdin babur.

Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki biyu da falo da bishiyar gwaiba a baya. Amma a garinsu gida na mace ne, daga uwa sai 'ya, miji ne ke tarewa wurin matarsa, kuma Desni ta daɗe da ba wa 'yarsu Salwa shi a ranta, yarinyar da ko shekara uku ba ta cika ba. Zuciya ta ɗebe ta.

"Kai me za ka rasa? In an kore mu jakarka kawai za ka ɗauka ka koma wurin innarka!"

Kafin ta rufe baki ta yi nadama. Bayan la'asar Afrizal ya sumbaci Salwa a goshi, ya ɗauki jakar da aka ambata, ya tafi gidan innar tasa.

Washegari da sassafe sai ga Kawu Darwis, ƙanin mahaifiyarta, wanda maganar danginsu duk a hannunsa take. Mutum ne mai son Desni kamar ransa, mai kuma son a san yana son ta.

"Ƙyale shi ya yi ta yajinsa," ya ce yana cin soyayyiyar ayabar da ta kawo masa. "Tun farko na ce yaron nan shiru-shirunsa ya yi yawa. Gonar shinkafarmu za mu jinginar, a biya banki, magana ta ƙare."

"Kawu, gonar da Inna da su Anti ke ci daga cikinta?"

"To sai mu zuba ido a yi gwanjon gidan 'yarmu, gari ya yi da mu?"

"Ka ba ni yau kawai. Bari in je in ji daga bakinsu."

"Su wa? Banki? Ai shiga wurin nan kai ƙarar kai ne."

Ita ma haka take tsammani. Har ta hau matakalar bankin tana jin kamar kowa ya karanta wasiƙar a goshinta. Sai aka kai ta gaban wata mata mai farin gilashi, Erlinda, wadda ta tura mata kujera da ruwan sha kafin ta tambaye ta komai.

"Kin zo da wuri fiye da yawancin mutane," matar ta ce bayan ta duba takardun. "Wasu sai an liƙa musu sanarwa a ƙofa suke zuwa suna kuka, lokacin hannuna ya ɗaure."

"Wato... akwai abin yi?"

"Akwai. Mu ma gwanjo ba daɗi yake mana ba. Ko dai a ƙara muku shekarun biya, abin da kuke bayarwa duk wata ya ragu, watanni biyar ɗin nan a mayar da su ƙarshe. Ko kuma in kun ga nauyin ya fi ƙarfinku, ku nemi mai saye da kanku. Farashin kasuwa ya fi na gwanjo nesa ba kusa ba, ku biya mu ku riƙe ragowar. Abin da ba ya aiki shi ne shiru."

Desni ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, har hawaye suka zubo mata tana dariya.

"A ƙara shekarun. Ina dafa rendang, naman nan na madarar kwakwa, mutane na yabawa, zan fara sayarwa."

"Madalla. Ki zo da littafin cinikin shagon mu ga abin da za ku iya. Sai sa hannun maigidan, domin tare kuka ci bashin. Kada ya wuce Juma'a."

Tana fitowa ta kira shi, bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na tafin hannunsa tun jiya.

"Uda, ka ci abinci?"

"Na ci... Ke fa? Salwa fa?"

"Tana ta leƙa bayan ƙofa tana neman ka."

Ta zayyana masa abin da aka ce a banki, tana jin yadda numfashinsa ke sauka.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ranar Juma'a zan same ki a can in sa hannu, sai in dawo nan."

"Ka dawo ina?"

"Desni, kin sani. Namijin da ya fita daga gidan matarsa ba ya komawa da ƙafarsa sai danginta sun zo. Inna ta ce ko takalmina ba zai tsallaka ƙofa ba. Kuma ni ma da wane ido zan kalli kawunki?"

"Ba sa hannunka kaɗai nake so ba, rabin raina."

"Ban cancanci wannan sunan ba yau."

"Ba kai ke raba shi ba, ni ce."

Daga nan gidan Kawu Darwis ta zarce. Ta same shi yana ba kifayen tafkinsa abinci, ta durƙusa a gefensa ta faɗa masa komai. Da ya ji gona ta tsira sai fuskarsa ta washe, da ya ji ragowar maganar kuma ta sake haɗewa.

"Ni? In je bikon mutumin da ya ɓoye miki wuta a ƙarƙashin sirdi?"

"Kunya ce ta sa shi, Kawu, ba mugunta ba. Wata biyar yana fita ba karin kumallo wai ba ya jin yunwa, ashe kuɗin madarar Salwa yake tattali. Ni kuma na gaya masa maganar da ba a gaya wa miji."

"Ranar aurenku ni na je na ɗauko shi da kiɗa da rakiya. Sau nawa ake ɗauko mutum ɗaya?"

"Kawu... gidan nan biro zai cece shi. Mutumin cikinsa kuwa sai ƙafarka."

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwa. Ya watsa sauran abincin kifin gaba ɗaya, ya karkaɗe hannu.

"Je ki ɗora rendang, mai yawa. Ba zan shiga gidan surukai hannu rabbana ba. Kuma ki gaya wa innarki ta goge mini baƙar rigata."

Ranar Alhamis da hantsi Kawu Darwis ya tafi da dattawa biyu da tukunya a naɗe cikin ƙyalle. Abin da aka faɗa a can Desni ba ta ji ba, ta dai ji an ce an sha shayi har zagaye uku, kuma kawun da ya tafi yana ƙunƙuni shi ne ya fi kowa iya lallashi. Kafin azahar ta hango su a kan layi, tsohon a gaba yana taku ɗai-ɗai, Afrizal a baya rungume da jakarsa. Salwa ce ta riga kowa isa gare shi.

"Ki yafe mini, Desni," ya ce a bakin ƙofa.

"Ni ma ka yafe mini. Shigo, abinci na hucewa."

Da safiyar Juma'a suka zauna gaban Erlinda kafaɗa da kafaɗa. Afrizal ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, layi-layi, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai wurin shekarun sai ya ɗago.

"Goma sha takwas... Desni, kafin mu gama biya na yi furfura."

Ta zare murfin biron ta saka masa a hannu.

"To ka yi ta a gabana, Uda, inda zan riƙa ƙirga ta."

Ya sa hannu a ƙasan nata.